Lasifikar Allo da Tsinken Tsire

A Zariya kaf, daga Samaru har Tudun Wada, ba na jin an haifi mai kunne irin nawa. Ina zaune a falo babur ya wuce a titi, zan gaya maka ko fulogi yake nema ko juyen mai. Sauro in ya zo mini kuka, daga muryarsa na san ko ya ƙoshi a gidan maƙwabta ko da yunwarsa ya taho. Bayan kunne kuma Allah ya ƙara mini da wata baiwa: ba a cutata a ciniki. Ɗan kasuwa yana buɗe baki nake hango ƙaryar tun tana maƙogwaro. Haka nake gaya wa mutane a majalisarmu ta bakin kasuwar Samaru, kuma ba wanda ya taɓa musa mini, don ni ne mai sayen shayi.

Da wannan kunnen na shiga gidan wani dakta, malamin jami'a, a farkon shekarun dubu biyu. Ina aikin ofis a sashensu, aka aike ni in kai masa fayil ranar wata Asabar da hantsi. Tun daga baranda na ji mace tana waƙa a falo, murya ras, har jan numfashinta ana ji. Na tsaya na gyara riga, na yi sallama da muryar da ake yi wa matan manya, na shiga ina sunkuyar da kai. Babu mace. Dakta ne shi kaɗai da gajeren wando yana yanke farce. Na waiga dama, na waiga hagu, ban ga akwatin lasifika ko ɗaya ba. Sai wasu alluna biyu a tsaye a tsakiyar ɗaki, dogaye kamar ƙyauren ƙofa, an sa musu farin yadi. Na ɗauka irin shingen nan ne da ake kare gadon mara lafiya da shi a asibiti. Zafi ake yi, sai na cire hulata na rataya a kan ɗaya.

"Dakta, wai daga ina waƙar nan take fitowa?"

"Daga ƙarƙashin hularka," in ji shi. "Don Allah sauke ta."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, rabi Hausa rabi Turanci irin na mutanen jami'a. Ya ce lasifikar da muka sani akwati ce, da mazurarin kwali a ciki da ƙaton maganaɗisu a bayansa. Wannan kuwa babu akwati. Wata leda ce siririya aka ɗaure tamau kamar fatar ganga, daga sama har ƙasa, aka manna mata zaren waya, aka jera ƙananan maganaɗisu a gefenta ɗaya. In wuta ta bi wayar sai ledar duka ta yi rawa, sauti ya fita ta gaba ya fita ta baya. Ina ta cewa "haka ne, haka ne", amma a raina cewa nake: leda? Ledar da ake ƙulla ƙanƙara a ciki? Ko dai Turawa sun yi masa wayo, ko shi yake yi mini. Duk da haka muryar matar nan ta bi ni har gida. Na kunna nawa akwatunan, waɗanda wani kafinta ya haɗa mini, waɗanda in suka yi ruri sai kwanukan jere su yi ta amsawa, na ji kamar mutum na waƙa daga cikin randa. Daga ranar na sa wa raina sai na mallaki lasifikar allo. Sunan da na ba ta ke nan, don ba ta da wani a bakinmu.

Ina da aboki mai gyaran rediyo a kasuwar Samaru, tun firamare muke tare. Na amince masa da gidana da iyalina, amma ban amince masa da ciniki ba, don duk wanda ya kai ka wurin mai kaya akwai abin da zai lasa. Shi na sa ya nemo mini. Ya fara da samo mini wata amfilifaya, na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ta hannu mai nauyin ɗan maraƙi, ya ce lasifikar allo ba ta motsi da ƙaramar wuta. Na zarge shi a kan wannan ma. Sai da aka yi damina guda aka yi kaka, sannan ya zo ofis ya same ni.

"Mutumina, tashi. Na samo har kashi biyu. Ɗaya a shagon 'yan Beljiyam a Sabon Gari, ɗaya a gidan wani dattijo a Muciya. Sai ka zaɓa."

"Wata nawa ba ko ɗaya, yau kuma biyu rana guda?" na ce. "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Kai dai ba a yi maka gwaninta."

Ranar Asabar muka hau bas zuwa Sabon Gari. Shagon na wani mutumin kudu ne, ƙato mai fara'a, wanda ya yi shekaru a Zariya har Hausarsa ta nuna, sai dai kowace jimla da "oga" yake buɗe ta. Kayan hannu ne daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, cike har rufi: talabijin a kan firij, firij a kan injin wanki. Can ciki ya jingina alluna biyu baƙaƙe masu sheƙi, ya goge su har suna ɗaukar ido.

"Oga, wannan ko Bature bai gama jin daɗinta ba aka ƙwato ta. Zauna ka ji."

Ya sa faifan sidi. Jama'a! Ganga ta buga, na ji ta a cikin hanjina. Gilashin talabijin ɗin da ke kusa ya kama ɓari. Na tuna a gidan dakta ban ji irin wannan rurin ba, sai na ce a raina to wannan ta fi tasa ke nan. Na miƙe zan zagaya in duba bayanta, ƙafata ta sarƙe da wata waya, na tafi taga-taga na dafa firij. Nan take rurin ya ɗauke ɗif, ya bar wata 'yar murya kamar ta rediyon mai gadi. Abokina ya bi wayar da na tsinke har ƙarƙashin tebur, ya ɗaga wani tsohon labule, sai ga ƙaton akwatin lasifika a kwance kamar kare mai jiran ɓarawo. Ya kuma kara kunne a jikin allunan, ya ce ɗaya ma ba ta magana sam.

Mai shago ko a jikinsa. Dariya ya yi har da dafa ciki.

"Oga, wannan ai taimako ne kawai. Tsoho ma in zai hau tudu ana riƙe masa hannu."

Muka fito. Kafin mu kai bakin titi na riga na gyara labarin: ba tuntuɓe na yi ba, kunnena ne ya ji rurin yana fitowa daga ƙasa, na sa ƙafa da gangan. Abokina ya ce shi dai ya ga mutum yana neman faɗuwa yana salati. Na ce salatin ma cikin dabara ne. Na tsaya wurin mai tsire na saya mana don murna, muka ci a tsaye, na riƙe tsinke ɗaya ina sakace, da na gama na jefa shi a aljihun gaba. Ji nake kamar a ɗora mini rawani. Na kama mutum guda, saura na biyu.

Gidan dattijon yana wani lungu a Muciya, ƙaramin gida mai bishiyar gwaiba a ƙofa. Tsohon malamin makaranta ne, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, kuma shi ya daɗe yana koyar da mawaƙan cocinsu. Ya yi ritaya, zai koma ƙauyensu inda ko turken lantarki babu, shi ya sa yake rabuwa da kayan wuta. Siriri ne, da farin gashi da tabarau ɗaure da zare. Ya tarbe mu kamar ya san mu, ya ba ni kujerar da ta fi laushi, wadda ke daidai tsakiyar falo. Na ƙi zama a kanta tukuna. Mai kaya ba ya zaɓa maka wurin zama a banza.

Allunan suna tsaye nesa da bango, masu yadi ruwan ƙasa. Ya ce wani Bature malamin kiɗa da suka yi aiki tare ne ya bar masa su da zai koma gida, tun 'ya'yansa suna ƙanana. Daga nan sai ya yi abin da ya tayar mini da hankali. Ya fara faɗin aibin kayansa.

"Malam, bari in gaya maka tun da wuri. Ba ta da rurin ganga irin wanda matasa ke so. In biki za ka yi da ita, kada ka saya. Ba a jingina ta da bango, sai ka ba ta kamar taku uku, in ba haka ba muryar ta shaƙe. Ba ta son rana. Ka ga wannan gefen yadin ya koɗe, laifina ne, na bar ta kusa da taga. Ƙafar ta hagu tana ɗan rawa, na sa mata kwali. Kuma daɗinta na mutum ɗaya ne, wanda ya zauna a tsakiya."

Na kalli abokina, ya kau da kai. Tun da nake ban taɓa ganin mai sayar da akuya ya fara da cewa tana tari ba. Mai shagon Sabon Gari ya yabi kayansa, ya ɓoye aibi guda, na gane wannan, haka duniya take. Amma mutum ya zauna ya lissafa maka aibi har biyar da bakinsa? Wannan sai dai in akwai na shida, babba, wanda yake so ka gaji kafin ka kai gare shi.

"Baba, kunna mu ji," na ce.

Ya sa faifan garmaho na wasu mawaƙan coci, ya lallaɓa allurar kamar mai sa wa jariri kwalli. Na zauna a kujerar tsakiyar don dole. Ba zan yi ƙarya a nan ba, ko da yake na iya. Falon ya ɓace. Mata suna ta hagu, maza suna ta dama, wani mai kauri a murya yana can baya, har na ji lokacin da wani ya juya takarda. Ban san me suke cewa ba, amma tsigar jikina ta tashi. Dattijon ya rufe ido yana kaɗa yatsa ɗaya a kan gwiwa.

Daɗin ne ya ƙara mini zargi. Abu ya yi kyau haka, kuma a sayar mini? Na miƙe na ce ƙafata ta yi sanyi, na fara zagaye. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Na leƙa bayan kabad. Na yar da hulata da gangan don in duba ƙarƙashin doguwar kujera, ban samu komai ba sai silifa ɗaya da kyanwa. Na bi wayoyi da ido tun daga amfilifaya har gindin allunan, biyu ne rak, ba ta uku. Na ɗaga kai na dubi silin.

"Malam, wani abu ka yar?" in ji dattijon.

"A'a Baba, ginin nake yabawa."

"Ginin haya ne," ya ce.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Waƙar ta ja wani dogon numfashi ta mutu. Dattijon ya ce yana da ƙaramin janareto a bayan gida, amma sai an lallashe shi, abokina ya ce mu je in taya ka. Suka fita suka bar ni ni kaɗai da alluna biyu da kyanwa.

Mahaifina ɗan hatsi ne, a kasuwa ya tsufa. Ba ya sayen buhu sai ya soka masa wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, ya zaro, ya ga abin da ke tsakiya a tafin hannunsa. Yakan ce bakin buhu na mai kaya ne, cikin buhu na mai saye. Maganar nan ce ta faɗo mini. Na tsaya gaban allon hagu ina kallon yadin. Me ke bayansa? Leda, in ji dakta. To in kuma katako ne aka jera wa ƙananan lasifikun mota aka lulluɓe? Na latsa da yatsa, yadin ya ɗaure, ban ji komai ba. Na kara ido, duhu. Sai hannuna ya shiga aljihun gaba ya fito da tsinken tsire.

Niyyata taɓawa kawai. In katako ne in ji tauri, in ƙarfe ne in ji ƙarfe. Na zaɓi wuri daidai ƙirjina, na murza tsinken a hankali ya ratsa yadin. Na ƙara turawa kaɗan. Ya taɓa wani abu mai laushi da ke turo shi baya, kamar fatar kalangu. Ashe dakta gaskiya ya faɗa. Ina cikin mamakin wannan, janareto ya tashi da wata irin ƙara a bayan taga, na zabura, hannuna ya yi gaba. Na ji ɗan sauti, ɗas, ƙarami ƙwarai, wanda duk Zariya ba mai iya jinsa sai ni.

Na zare tsinken na jefa a aljihu, na shafa yadin da babban yatsa har zaren ya koma wurinsa, na yi tsalle ɗaya na faɗa kujera na harɗe ƙafa. Kyanwar tana kallona. Ban taɓa ganin dabba mai idon alƙali irin wannan ba.

Suka dawo suna goge hannu. Dattijon ya mayar da allura. Maza suka fara, lafiya lau, har na fara sakin numfashi. Sai mata suka ɗauka suka hau sama, allon hagu ya ce zzzz, kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Suka sauko, ya yi shiru. Suka sake hawa, ya sake.

Yatsan dattijon ya tsaya a kan gwiwarsa. Ya buɗe ido. Ya tashi ya je ya kara kunne, ya ɗaga allura ya hure ta ya mayar, ƙudan yana nan. Ya canza faifai, yana nan. Ya cire tabarau ya tsaya riƙe da shi.

"Ba ta taɓa yin haka ba," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya. Janareton nan ne. Ban saba sa mata shi ba, yau don kada ku yi zuwan banza na sa. Ni na cuce ta." Ya juyo gare ni. "Malam, ka yi haƙuri. Ba zan sayar maka da abu mai ciwo ba. Ciniki ya tashi."

Da mutumin kirki ne ni, nan zan ce Baba ba janareto ba ne. Na buɗe baki da niyyar haka, Allah ya sani, amma abin da ya fito daban.

"Wane ciwo, Baba? Ni ban ji komai ba."

Abokina ya juyo gaba ɗaya ya dube ni.

"Ba ka ji ba? Kai?"

"Ban ji ba."

"Kai da kake jin cikin sauro?"

"Wannan ai a cikin waƙar yake. Wata ce a cikin matan take da mura."

"Shekara nawa ina jin faifan nan," in ji dattijon, "ba mai mura a ciki."

Daga nan aka yi cinikin da ba a taɓa yin irinsa a Sabon Gari ba. Mai kaya yana kushe kayansa, mai saye yana rantsuwa lafiyarsu ƙalau. Ya ce a bari a duba cikinta tukuna, na ce haba, a wahalar da kafinta a kan ɗan wannan, ga azahar ta gabato. Ya ce to zai rage mini kuɗi saboda aibin, na ce wallahi ba zan karɓi ragi ba, kuɗin da ya faɗa wa abokina da fari shi zan biya. Da na faɗi haka sai dattijon ya mayar da tabarau ya dube ni ta samansa, irin kallon da na yi masa ɗazu. Abokina kuma ya matso ya taɓa goshina da bayan hannu.

"Baba, ka sayar masa," ya ce. "Ban san me ya same shi ba, amma kafin ya warke."

Muka ɗauko a-kori-kura, aka shimfiɗa katifa aka kwantar da su kamar masu jinya. Dattijon ya tsaya a gindin gwaiba yana kallo har muka sha kwana. Duk hanyar Samaru abokina satar kallona yake ta gefen ido. Da muka wuce wata kwata na zaro tsinken a ɓoye na wurga.

A gida maiɗakina ta fito tana goge hannu a zane, ta ga ana sauke su.

"Maigida, ƙofa ka sayo? Wace ce ta ɓalle?"

Na ce lasifika ce. Ta ce to a jingina su da bango kamar kayan kowane gida, tsakar falo ta mutane ce. Na ce sai an ba su taku uku. Ta ce ita da ta yi shekara goma sha a gidan ba a taɓa ba ta taku uku ba. Na ci wannan yaƙin da ƙyar. Na kunna, ta saurara, ta karkata kai.

"Akwai ƙwaro a cikin ta hagu."

"Babu ƙwaro."

"To me ke kuka?"

"Haka Turawa suke yin ta."

Mako uku na yi ina zaune da ƙudan nan. Na daina sa duk waƙar da mace ke hawa sama a ciki, na koma masu garaya da muryar maza. 'Yan majalisa suka ce sai sun zo sun ji abin da na yi wata da watanni ina cika su da labarinsa, na ce ana gyaran wayar gidan. Abokina ya ce zai zo ya buɗe ta ya duba, kyauta, na ce ba a gaggawa. Na koma zargin kowa. In maiɗakina ta tsaya kusa da allon hagu tana shara, sai in ga kamar wurin take dubawa. In abokina ya yi dariya a majalisa, sai in ce ya gane. Ko mai tsire na wuce sai in ga yana yi mini wani kallo. Abin da ya fi damuna kuwa yadda dattijon nan ya tsaya riƙe da tabarau, ya ce shi ya cuce ta. Zai tafi ƙauye da wannan a ransa, ni kuma ina nan ina jin garaya.

Ranar wata Asabar bayan la'asar aka yi sallama. Na leƙa, sai ga dattijon da abokina, abokina riƙe da jakar kayan aikinsa.

"Jibi zan tafi," in ji dattijon bayan mun gaisa. "Na kasa samun natsuwa, Malam. Na karɓi kuɗin lafiyayya na ba ka mara lafiya. Na roƙi abokinka ya kawo ni mu duba. In ba ta gyaruwa, mu san abin yi."

Na ce ai ta warke da kanta. Ya ce to kunna. Na ce babu wuta. Fankar silin tana juyawa a kanmu, duk muka ɗaga kai muka dube ta.

Maiɗakina ta kawo ruwa, ta gaishe shi har ƙasa, ta kuma ƙi komawa ciki, ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu. Ina jiran in ga an fito da guduma da kurfi. Sai dattijon ya durƙusa a gindin allon hagu, ya kwance wasu 'yan sukurori biyu na ƙafa, ya saki wani zare a ƙasa, ya miƙe ya kama yadin ya zare shi sama sumul, kamar mai cire rigar filo. Ko minti biyu bai yi ba.

Ga leda nan tana sheƙi, ga zaren waya a jere kamar kunyoyin gona. Daidai ƙirjina kuma ga 'yar yagewa, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, bakinta ya ɗan tashi. Ta tsallake wayar da kamar faɗin gashi. Abokina ya haska tocila. A gefen ramin akwai wani ɗigon maiƙo ja-ja. Ya sa yatsa ya dangwala, ya kai hanci, ya daɗe yana shinshinawa.

"Baba," ya ce, "janaretonka da yaji yake aiki?"

Dattijon ya juya yadin ya ɗaga shi a hasken taga, sai ga ɗan ramin da na shafe, shi ma da nasa maiƙon. Ba wanda ya dube ni. Wannan ya fi a dube ni ciwo. Maiɗakina ta ajiye tire a ƙasa don ta ji da kyau.

Na faɗa musu. Na fara da mahaifina da kasuwar hatsi, na bi ta kan mai shagon Sabon Gari da akwatinsa na ƙarƙashin tebur, na yi bayanin cewa mai hankali ba ya sayen abu a rufe, na ɗora wa janareto kashi mafi tsoka na laifin tunda shi ya firgita ni. Na yi jawabi mai kyau ƙwarai, da a majalisa ne da an tafa. Abokina dai ya ciro wani siririn salatif da ɗan gam ya duƙufa a kan ramin, kafaɗunsa suna ta rawa, wai shi aiki yake.

Da ya gama aka kunna. Dattijon ya zo da faifansa a jaka, amma ba ni da garmaho, sai maiɗakina ta ɗauko kaset ɗin wata zabiya da na ɓoye a bayan kabad, wadda muryarta ke kaiwa inda tsuntsu ba ya kaiwa. Ta hau, ta hau, ta ƙara hawa. Babu ƙuda. Dattijon ya zauna a kujerar tsakiya ya rufe ido, yatsansa ya koma kaɗawa a kan gwiwa, har waƙar ta ƙare.

Sannan ya tashi ya mayar wa allon rigarsa, ya ɗaure zaren, ya shafa gefen da ya koɗe. Na raka shi ƙofa ina ta ba shi haƙuri, ina cewa ai ya san hali, gadon gida ne, ɗan ɗan hatsi ba ya ganin abu a rufe ya ƙyale. Ya sa takalmi, ya gyara tabarau, ya dube ni ta samansa.

"Buhu ake sokawa, Malam, don buhu ba shi da baki. Ni kuwa ina zaune a gabanka da nawa. Da ka ce in tuɓe maka ita, ai da tun ranar ka gani."